Mai Zana Layi

An ce za a kai su Fatakwal.
Ba takarda, ba sanarwa,
a bakin Lantana mai awara na ji,
ita kuma a wurin direban ƙungiya ta tsinta,
shi ma ya ce kunnensa ne ya yi tuntuɓe da zancen
a ƙofar ofis, yana jiran kuɗin mai.

Shekara ashirin da bakwai ke nan
ina zana wa Shirwan Fagge layi.
Farar ƙasa a gwangwanin madara mai huji,
igiya ɗaya, ƙusa biyu.
Kafin rana ta leƙo ta bayan Kantin Kwari
na tsince kwalabe, na kori awaki,
na cike ramin da babur ya bari.

Filinmu ba ciyawa.
Ƙwallo na tsalle a kai kamar kwaɗo ya ji ruwa,
shi ya sa yaranmu suka fi kowa ido.
Can kuwa, wai shimfiɗar roba ce koriya,
famfo na yi mata wanka kafin a take ta.
Mu nan jarka biyu nake saya wurin ɗan garuwa,
in yayyafa a bakin raga, saura a sha.

Kar in yi wa Kano ƙarya:
ba ta san tana da su ba.
In na ce ƙwallon gora, sai a ce, wasan me?
Ranar da muka ɗauko kofi
mutum talatin da ɗaya ne a filin,
har da mai gyaran takalmi da ya fake wa rana.
Gidan kallo na tsallaken titi kuwa ya cika maƙil,
ana ihu don wasu da ba su san sunan garin nan ba.

To me zan ce wa Tasi'u?
Wata biyar ba albashi, ga jariri a ɗaki,
ga mai gida na aiko da sallama kullum.
In ya tafi ba zan kira shi butulu ba.
Sai dai Ɗan'azumi mai tsaron raga,
haƙoransa biyu na gaba a nan suka zube,
ni na binne su a gindin darbejiyar can.
Su ma za a tone a tafi da su?

Obinna ya zo jiya ya zauna kan bencina.
A Sabon Gari aka yanke masa cibi.
Ya ce, Baba Nasidi, kowa na taya ni murna,
wai zan koma kusa da gida.
Wane gida?
Ya daɗe yana murza gorarsa, bai ƙara cewa komai ba.

Ran Talata wani ya zo da farar shadda da tef ɗin awo.
Bai yi sallama ba.
Ya auna daga raga zuwa katanga,
yaronsa na rubutawa, ina jin suna ƙirga shaguna.
Da zai fita ya taka mini layi.
Damina ta sha wanke layin nan,
ban taɓa riƙe ta a zuci ba,
amma sawun takalmin nan har yanzu yana ƙirjina.

Watakila su tafi, watakila maganar ta bi ruwa.
Ba a shawara da mai gwangwani.

Yau ma na zo da asuba.
Na tarar da yarinyar nan, 'yar Lantana,
da karyayyar gora da ta ɗaure da robar taya,
tana tura lemon tsami a ƙasa, tana zagaye duwatsu.
Ta ce, Baba, layin ya goge.
Na ce na gani.
Riƙe mini bakin igiyar, ki ja ta miƙe.